Baƙon da Ba Ya Sallama: Haɗarin Iskar Garwashi da Gas a Tsofaffin Gidajenmu

(Laccar da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan Gwadangaji da kewaye, gab da tafiya hutun ƙarshen shekara)

 

Bayan godiya ga Allah da Ya tara mu lafiya, ina gode wa shugabannin ƙungiya da suka ba ni wannan dama. Batun da aka ɗora mini shi ne haɗarin da ke tattare da kayan ɗumama ɗaki da na girki a tsofaffin gidaje. Ban ga lokacin da ya fi dacewa da shi kamar yanzu ba, tun da ga hunturu ya kawo kai, mu kuma muna shirin tafiya gida. Nan da 'yan makonni hazo zai lulluɓe fadamar Rima tun daga Argungu har Birnin Kebbi, jaura ta riƙa kaɗawa da asuba, sanyin dare kuwa a wasu ranaku ya sauka ƙasa da digiri 15. A irin wannan dare da wuya a sami tsohuwar da za ta yarda ta kwanta ba kaskon wuta a gefenta, da wuya kuma a sami ɗakin mai jego da ba a shigar da garwashi ba.

Wani zai ce, to, mene ne sabo a nan, alhali kakanninmu sun yi shekaru aru-aru suna jin ɗumi da kasko? Amsar wannan tambaya ita ce ƙashin bayan jawabina. Kasko yana nan yadda aka gada, amma ɗakin da ake ajiye shi ya sake. Mun toshe wa tsofaffin ɗakunanmu kafofin shan iska da sunan gyara, sa'an nan muka ƙara musu baƙi biyu, watau janareta da tukunyar gas.

ƊAKIN JIYA DA ƊAKIN YAU

Duk wanda ya taso a tsakiyar Gwadangaji, ko tsohon garin Birnin Kebbi, ko ya shiga tsohuwar fadar Argungu da aka gina a 1831, wadda a yau ita ce Gidan Tarihi na Kanta, ya san ginin ƙasa na magabata. Talaka yana da ɗakin tubali mai jinka, mai hali yana da soro ko shigifa mai rufin azara. Jinka kuwa tana zurar da hayaƙi ta tsakanin ciyawa, shi ya sa cikinta ke yin baƙi wuluk da kunkunniya. Ƙofar ɗaki kan kasance asabari ce ko tufaniya, ko ƙyauren da bai taɓa zama daram a mazauninsa ba. A soro ma akan bar 'yar taga can sama kusa da rufi. Saboda haka ko an rufe ɗaki, iskar waje ba ta daina kurɗawa.

Kada a ɗauka ina cewa ɗakin jiya ba shi da aibu. Hayaƙin itace ya cinye idanu da ƙirazan iyayenmu mata da yawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020. Sai dai wannan cuta ce mai cin mutum sannu a hankali. Wadda nake magana a kanta a dare ɗaya take gama aikinta.

Tun daga 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Birnin Kebbi ta zama hedkwata, gari ya bunƙasa har ya haɗe da Gwadangaji, albashi da kuɗin shinkafa suka shiga hannun mutane. Ɗa na gari kuwa abin da yake fara yi in ya samu shi ne gyara ɗakin mahaifiyarsa. Sai a yaye jinka a buga kwano, a sa silin, a shafe bango da siminti ciki da waje, a kafa ƙofar ƙarfe da tagar gilashi. Da ɗari ya shigo, sai a cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa, a liƙe taga da kwali ko leda don ƙura. Ɗaki ya yi kyau, ya kuma zama kamar tulun da aka toshe bakinsa. Ita kuwa tsohuwa ba wanda ya gaya mata cewa kaskon da ta saba da shi tun tana amarya ya zama abokin gaba a wannan sabon ɗaki.

MECE CE ISKAR GARWASHI?

Kowace wuta tana cin iskar oksijin, irin wadda mu ma muke shaƙa mu rayu. In ta sami isasshiya, sai gawayi ya ƙone sarai ya ba da iskar da masana ke kira kabon dayoksaid, wadda ita ce muke fitarwa in mun yi numfashi. In kuwa oksijin ta yi ƙaranci, kamar yadda kan faru a rufaffen ɗaki ko a ƙarƙashin toka, sai ƙunar ta tsaya rabi, ta haifar da kabon monoksaid. Ita ce zan riƙa kira iskar garwashi don sauƙin magana.

Muguntar wannan iska ita ce ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano, ba ta sa tari ko hawaye. Nauyinta kusan ɗaya ne da na iskar da muke shaƙa, don haka sai ta gauraye ɗaki duka, na kan gado da na kan tabarma kowa ya samu rabonsa. A nan ne wata al'ada tamu ke yaudararmu. Mukan hura gawayi a tsakar gida, mu jira hayaƙi ya ƙare, garwashi ya yi jawur, sa'an nan mu shigar da shi ɗaki muna ganin an rabu da cutarsa. Hayaƙi dai ya tafi, amma jan garwashi yana ci gaba da fitar da wannan guba har ya mutu. Hasali ma hayaƙin shi ne ɗan gargaɗin da kan tashi mai barci, mu kuwa shi muke kora mu bar makashin.

In iskar ta shiga huhu sai ta wuce cikin jini. A cikin jan jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, wanda aikinsa dakon oksijin ne zuwa ƙwaƙwalwa da zuciya da sauran gaɓoɓi. Iskar garwashi tana riƙe wannan ɗan dako da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, ta hana shi ɗaukar kayansa. Mutum yana numfashi, ƙirjinsa na hawa da sauka, amma gaɓoɓinsa a shaƙe suke. Wani masani Bafaranshe, Claude Bernard, shi ya bayyana wannan a 1857. Bayansa John Scott Haldane na Birtaniya ya riƙa shaƙar iskar da kansa a 1895 yana auna jininsa, kuma shi ya ba da shawarar masu haƙar kwal su riƙa shiga rami da ƙananan dabbobi, domin su ne ke fara faɗuwa. Sai a 1986 aka daina shiga da kanari ramukan kwal na Birtaniya, aka koma ga na'ura.

Kada kuma mu zaci abin na talakawa ne ko na marasa ilmi. Emile Zola, ɗaya daga cikin mashahuran marubutan Faransa, ya mutu a gidansa da ke birnin Faris ran 29 ga Satumba, 1902, bayan ya kwana da wutar kwal a ɗakin da bututun hayaƙinsa ya toshe. Matarsa da ƙyar aka ceto ta.

ƊAN LISSAFI

Tun da a jami'a muke, bari mu ɗan taɓa alƙaluma. In iskar garwashi ta kai kashi 2 cikin dubu goma na iskar ɗaki, ciwon kai kan fara bayan awa biyu zuwa uku. In ta kai kashi 8, jiri da tashin zuciya kan zo cikin minti 45, suma kuma cikin awa biyu. In ta kai kashi 16, mutuwa na iya zuwa kafin awa biyu su cika. In ta haura kashi ɗaya cikin ɗari, mintuna ƙalilan sun isa.

Mu ɗauki ɗaki mai tsawon mita 4, faɗi mita 3, bisa mita 2 da rabi. Iskar cikinsa lita dubu 30 ce. Kashi 16 cikin dubu goma na wannan shi ne lita 48. Ɗaliban kimiyya da ke nan za su shaida cewa lita 48 ta wannan iska ba ta buƙaci fiye da giram 25 na sinadarin kabon ba, watau abin da bai cika tafin hannu na gawayi ba. Gaskiya ne ba dukan gawayin kasko ke juyewa guba ba, kuma babu ɗakin da ba shi da 'yar kafa ko yaya, amma kasko ɗaya yana ɗaukar ninkin wannan sau da yawa, dare kuma yana da tsawo.

ALAMOMI DA ZARGI

Alamomin farko su ne ciwon kai, jiri, kasala, tashin zuciya da amai, sai rikicewar tunani. Duk wanda ya ji waɗannan a ƙasarmu zai ce zazzaɓin cizon sauro ne ko taifot. Abubuwa uku ne ke bambanta su. Na farko, jiki ba ya yin zafi. Na biyu, mutanen ɗaki ɗaya kan kamu a lokaci guda, har da kyanwa ko kajin da suka kwana ciki. Na uku, in an fita waje an sha iska sai a ji dama, in an koma ɗaki ciwon ya dawo. Mai barci kuwa sau da yawa ba ya jin komai, daga barci sai suma. Wanda ya farka ma yakan tarar ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa zuwa ƙofa.

Waɗanda suka fi shiga haɗari su ne tsofaffi, da masu ciwon zuciya, da masu ƙarancin jini irin su masu sikila, da jarirai, da mata masu ciki, domin jinin ɗan tayi ya fi na uwarsa riƙe wannan guba. Ku duba, waɗannan su ne ainihin mutanen da muka fi kai wa wuta don tausayi.

Akwai kuma wata ɓarna da ke biyo bayan mutuwa. In aka wayi gari aka ɓalle ƙofa aka tarar da uwa da 'ya'yanta ba rai, ba rauni a jikinsu, ga amai a ƙasa, ga kasko ya zama toka mai sanyi, hankalin jama'a ba ya zuwa kan kaskon. Sai a tuna wa ya dafa tuwon dare. Sai a ce kishiya ce ta sa guba, ko a ce sammu ne, ko maita, ko aljanun tsohon gida. Da yake mukan gaggauta jana'iza, ba a cika yin binciken likita ba, sai zargin ya zauna, aure ya mutu, zumunci ya yanke, a bar baiwar Allah da tabon da ba ta ji ba ba ta gani ba. Wanda ya san aikin iskar garwashi yana iya ceton rai kafin abin ya faru, yana kuma iya ceton mutuncin wani bayan ya faru.

JANARETA

Hayaƙin injin fetur cike yake da wannan guba, har hukumomin kare masu saye a Amurka na kwatanta abin da ƙaramin janareta ɗaya ke fitarwa da na ɗaruruwan motoci. A tsofaffin unguwanni gidaje a cushe suke, ga tsoron ɓarayi, sai a ajiye inji a zaure, ko a lungun da ke tsakanin ɗakuna, ko a shagon da yara ke kwana. A watan Disamba na 2024 an tarar da gawar mutum 12 a ɗakunan kwana na wani gidan abinci a Gudauri ta ƙasar Jojiya, 11 daga cikinsu Indiyawa, bayan an kunna janareta a cikin ginin da wutar lantarki ta ɗauke. Ƙa'idar ita ce a ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga da misalin mita 6, bakin salansa na kallon wani gefe. In ana tsoron ɓarawo a sa masa sarƙa da kwaɗo.

TUKUNYAR GAS

Tun daga 2016 da aka janye tallafin kananzir, risho ya fara ɓacewa daga gidaje, wasu suka koma gawayi, wasu suka rungumi gas. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta shelanta shekaru goma na bunƙasa amfani da gas. Ba na kushe gas, domin ya fi itace tsabta ga huhu, ya kuma rage saran itatuwa a jihar da hamada ke matsa wa lamba. Amma halinsa dabam ne da na iskar garwashi, kuma wajibi ne a san bambancin.

Gas ɗin girki asalinsa ba shi da wari. Ɗoyin da muke ji wani sinadari ne da ake zuba masa da gangan don hanci ya gane yoyo. An koyi wannan darasi ne da tsada: ran 18 ga Maris, 1937, gas maras wari ya taru a ƙarƙashin wata makaranta a New London ta jihar Teksas a Amurka, ya fashe ya kashe kusan mutum 300, yawancinsu yara, daga nan aka kafa dokar sa wa gas wari.

Abu na biyu, gas ɗin tukunya ya fi iska nauyi, don haka in ya tsiyaye sai ya kwanta a ƙasa kamar ruwa ya nemi gangare. Tsofaffin ɗakuna da yawa daɓensu ya nutse ƙasa da tsakar gida, saboda cikon da aka yi ta yi shekara da shekaru, ga dokin ƙofa mai tsawo da aka yi don tare ruwan damina. Irin wannan ɗaki kwatarniya ce ga gas, tagar sama kuwa ba ta fitar da shi. Da zarar ya kai misalin kashi 2 cikin ɗari na iska, ƙyastin ashana ko tartsatsin makunnin lantarki ya isa ya tashi ɗakin. A ɗakin da muka auna ɗazu, gas ɗin da bai wuce kilo ɗaya da rabi ba zai kai wannan mizani, kusa da daɓe kuwa tun kafin haka.

Yoyo kan fito daga tiyon da ya tsufa ya tsattsage ko ɓera ya ci, ko daga kan tukunyar da robarsa ta mutu, ko daga gindin tukunyar da ta yi tsatsa don zama a daɓe mai laima. Hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa ta ƙayyade wa tukunya shekara 15, ana gwada ta duk bayan shekara 5, kuma shekarar ƙira tana rubuce a jikinta. Mu nawa ne a zauren nan muka taɓa dubawa? Mu tuna cewa ran 4 ga Janairu, 2020, fashewar gas a wani shagon sayar da shi a Sabon Tasha ta Kaduna ta yi ajalin Farfesa Simon Mallam, shugaban Hukumar Makamashin Nukiliya ta Nijeriya, tare da wasu mutane.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta shafe mu kai tsaye, watau kunna kan gas ko risho a rufaffen ɗakin haya don jin ɗumi ko dafa taliya da tsakar dare. Harshen wutar gas mai lafiya shuɗi ne. In ya koma rawaya yana baƙanta gindin tukunya, to ƙunar ba ta cika ba, kuma iskar garwashi ce ke fita, ko da babu gawayi a ɗakin.

ABIN DA YA WAJABA A KANMU

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Ga abin da nake roƙon kowannenmu ya aikata a wannan hutu.

Da farko, a ɗumama ɗaki da kasko tun da sauran ido biyu, ƙofa a buɗe, sa'an nan a fitar da shi tsakar gida kafin a kwanta. Kuɗin gawayin wata guda ya kusa sayen bargo, bargo kuwa yana shekaru. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi umarni da a kashe wuta in za a kwanta barci. Wannan hujja za ta fi shiga kunnen kakanninmu fiye da lissafin lita da giram, kuma ya kamata mu roƙi limamanmu su tuna wa jama'a ita a huɗubobin hunturu.

Na biyu, a duba kowane ɗakin da aka yi wa kwano da silin. In an liƙe tagoginsa a buɗe ko da ɗaya, in ba shi da kafar iska a sa magini ya huda biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, a sa musu raga. Mai hali ya sayi 'yar na'urar nan mai batir da ke ƙara in ta ji iskar garwashi.

Na uku, a fitar da tukunyar gas daga ɗakin kwana, a ajiye ta tsaye a inuwa inda iska ke ratsawa. A gwada mahaɗanta da kumfar sabulu, in kumfa ta riƙa kumbura to akwai yoyo. Kada a kuskura a gwada da ashana. A rufe kan tukunya bayan kowane girki. In an ji warin gas kada a taɓa makunnin lantarki, kunnawa ko kashewa, sai a rufe tukunya, a wangale ƙofofi, kowa ya fita.

Na huɗu, in an tarar da mutum a sume a ɗakin da aka kwana da wuta, a wangale ƙofa a fito da shi fili nan take, a kwantar da shi ta gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa madara ko manja, domin ba sa karya wannan guba, suna iya ma gangarawa huhunsa. A garzaya da shi asibiti mafi kusa mai oksijin, irin su Asibitin Tunawa da Sir Yahaya da ke Birnin Kebbi. A iskar waje jiki kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ya fitar da rabin gubar, amma da tsantsar oksijin abin bai fi awa ɗaya da rabi ba. A gaya wa likita cewa an kwana da garwashi ko janareta, domin 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ba ta bambanta wannan guba da oksijin, tana iya nuna lafiya lau alhali jini a cike yake da ita. Ko mutum ya farfaɗo a kai shi, a kuma sa masa ido, saboda mantuwa da rikicewar hankali na iya bayyana bayan kwanaki ko makonni.

KAMMALAWA

Malam shugaban taro, 'yan'uwana ɗalibai, iyayenmu sun sayar da shinkafa da kifi da albasa sun turo mu nan, kuma galibi mu 'yan boko mu ne muka kawo shawarar kwano da silin da tukunyar gas. Tun da mu muka sake ɗakin, nauyin bayyana sabuwar ƙa'idarsa yana wuyanmu. Sai dai a yi shi da ladabi. Tsohuwa ba za ta saki kaskonta don jikanta ya yi mata Turanci ba, amma za ta saki in ya zo mata da bargo a hannu, ya durƙusa ya yi mata bayani, ya kuma riƙa fitar mata da wutar da kansa kowane dare har ta saba. In kowane ɗalibi a zauren nan ya duba gidansu da gidaje biyu na maƙwabta, to mun kewaye unguwanni masu yawa tun kafin ɗari ya tsananta.

Allah Ya kai mu gida lafiya, Ya tsare mu da iyayenmu, Ya sa ilminmu ya amfani jama'armu.